Ƙarfe Bai Taɓa Cin Tukur Ba

Tun daga Gaya har Ajingi, kai har a gangara Gafasa, babu wanda bai san cewa ƙarfe bai taɓa cin jikin Tukur na Maikuɗi ba. Magana ce tabbatacciya, manya sun shaida, makaɗa sun sa ta a kalangu. Gaskiya ne akwai askar wanzamin da ya yi masa kaciya, amma a lokacin bai sha magani ba tukuna. Akwai kuma allurar rigakafi da aka taɓa danna masa a dantse, sai dai masana sun ce allura shiga take yi, ba yanka ba. In aka cire waɗannan, da wani lauje da ya taɓa gaishe shi a ƙwauri, wanda shi ya ce ƙaya ce, maganar tana nan daram.

A Toranke aka haife shi, gidan mahauta. Mahaifinsa Maikuɗi suna kawai ya samu. Da ya rasu abu biyu ya bar wa ɗansa. Na farko tukuba, wato tudun nan na ƙasa da toka da ake hura wuta a tsakiya a kewaye da tsinken tsire. Tasa tana bakin tashar Ajingi, gindin wata darbejiya, daidai inda motocin Kano suke lodi, kuma iskar wurin ta san aikinta: takan ɗauki ƙamshi ta shigar da shi har kujerar baya ta mota. Na biyu shi ne tauri. Tun gashin baki bai gama fito wa Tukur ba uban ya kai shi wurin wani tsoho ta wajen Gafasa, aka dama masa kunu da saiwoyi da garin ƙarfe, ya sha ya yi ta amai har ana tunanin ba zai tashi ba. Ya tashi. A wasan salla na shekarar ya shiga fili ya yaye riga, ya goga wuƙar fawa a cikinsa gaba da baya, ya dafa tsininta a cinya ya danna har ta lanƙwashe. Daga ranar ya zama na Maikuɗi, dutse ka ci wuƙa.

Abin da tsohon Gafasa bai yi dogon bayani a kai ba shi ne, maganin na ƙarfe ne kaɗai. Abokan faɗan Tukur ba su daɗe ba suka gano haka, suka daina zuwa da wuƙa suka koma zuwa da gora, da taɓarya, da ƙotar gatari bayan an cire ruwan. Kafin ya yi aure kansa ya koma kamar kunyar rogo, tudu da kwari. Ya bar haƙora a kasuwar Gaya, ya bar wasu a wani bikin dambe, ɗan yatsansa na hagu ya karye ya warke yana kallon gabas. Duk wannan bai dame shi ba, don icce ba ƙarfe ba ne.

Yawancin faɗan a kan tukubar nan ne. Duk mahaucin da ya ga gindin darbejiya sai ya yi sha'awar matsowa kusa, shi kuwa Tukur bai iya doguwar muhawara ba. Wani ya kafa teburi ya koma gida da muƙamuƙi a ɗaure da rawani. Wani ya zo da ƙannensa, Tukur ya ɗaga shi ya zaunar da shi a tsakiyar garwashi, ya riƙe shi a nan har sai da ya amince cewa wurin bai dace da shi ba. Matarsa Hanne ita ce mai dafa ruwan gashi duk ranar kasuwa, ko an yi faɗa ko ba a yi ba, don ta ce gara ruwan ya jira shi da ya jira ruwan.

"Baban Lauratu," ta ce masa wata rana tana danna masa tsumma mai zafi a ƙeya, "da za ka koma wurin tsohon nan ya ba ka na icce, da na huta."

"Ya mutu."

"Allah Ya ji ƙansa. Ya tafi ya bar aiki rabi."

Haka rayuwa ta yi ta tafiya har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Sai ga Kabo.

Kabo mahauci ne ɗan Gaya, siriri, mai yawan murmushi, ya yi zaman Kano wurin masu gasa kaji. Bai zo da gora ba, bai matso kusa da darbejiya ba. Can tsallaken titi Sarkin Fawa ya ba shi wuri, ya sauke wani duro daga a-kori-kura. Duron a kwance yake a kan ƙafafu huɗu na rodi, an tsaga shi gida biyu ta tsawo, rabin sama yana buɗewa kamar murfin akwati. A ciki akwai raga ta waya, gawayi a ƙasa ta gefe guda, ga ɗan bututu a ɗaya gefen yana fitar da hayaƙi. Kabo yakan jera nama ya rufe, ya zauna yana sauraron rediyo. Tukur ya duba ya ce ai wannan makara ce aka yi wa akuya, 'yan tasha suka yi dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Naman duro yakan fito da laushi, hayaƙi ya ratsa shi har ƙashi, kuma yakan kwana bai canza ba, don haka direbobi suka fara saya suna kai wa iyali. Damina ta sauka. Hadari yana tasowa Tukur zai hau kwashe tsinke yana rufe wuta da guntun kwano, Kabo kuwa sai dai ya ƙara wa rediyo murya. Iskar da ta yi wa gidan Maikuɗi hidima shekara da shekaru ita ma ta ci amana, ta fara kwaso ƙamshin tsallake tana shigarwa mota.

Tukur ya yi haƙuri iya nasa. Abin da ya ƙarar da haƙurin wani direba ne, tsohon mai sayen tsirensa, da ya tsallako da naman Kabo a takarda yana tauna.

"Na Maikuɗi, ɗan sam mini yajinka mana. Na Kabo ya ƙare."

Tukur ya ba shi yajin, don shi ba marowaci ba ne. Sannan ya goge hannu ya tsallaka titi.

Kabo ya ga tahowarsa ya zaro wuƙa. Tukur ya tsaya ya yaye riga ya miƙa masa ciki. Ba a san abin da zai faru ba da Kabo ya daɓa, domin a tarihin Ajingi babu wanda ya taɓa gwadawa da zuciya ɗaya. Kabo ya tsaya tunani, Tukur ya sa masa goshi a hanci, aka ji ƙarar kamar an taka ƙwarya. Ya kama hannun da ke riƙe da wuƙar ya murɗe, ya manna shi a murfin duron mai zafi, ya danne har fatar ta zauna a nan bayan mai ita ya janye. 'Yan'uwan Kabo suka taso da itacen wuta da benci. Aka rotsa wa Tukur kai ta wuri biyu, jini ya rufe masa ido, ya ci gaba da duka yana lalube, ya kama kunnen wani da sauran haƙoransa bai saki ba sai da aka dake shi da turmin mai fura. Kafin a raba, ƙasar wurin ta jiƙe kamar mayanka. Duron kaɗai ne bai ji komai ba. Tukur ya kai masa hauri, ya ƙone a ƙafa.

Aka taru a zauren Sarkin Fawa Ɗayyabu. Dattijo ne, abokin Maikuɗi tun suna samari, shi ya raɗa wa Tukur suna. Ya dubi Tukur.

"Tukur, na gaji da zuwa ofishin 'yan sanda da furfurata. Ka buɗe kunne, wanda ya rage maka lafiyayye. Daga yau, ranar da jinin wani ya sake zuba ta dalilinka, ko ɗigo ne, tukubar Maikuɗi ta bar hannunka. Kabo zan ba."

"Ranka ya daɗe, tukubar ubana ce."

"Na sani. Ni na taya shi ɗebo ƙasar."

Ga mutumin da aka ɗaure wa hannu, ga abokin gaba a tsallaken titi hancinsa a karkace yana ta ciniki. Tukur ya yi tunani, abin da bai saba ba, ya ga babu mafita sai shi ma ya yi duro.

Ya samo ɗaya wurin wani ɗan bumburutu a hanyar Gaya, tsohon duron fetur da ya fara yoyo. Ya ɗauro shi a bayan babur ya kai rumfar Mudassir mai walda a bayan kasuwa, ana gobe kasuwa za ta ci. Mudassir mutum ne mai sanyin magana da jajayen idanu, shi ne ma ya taɓa gyara wa Kabo ƙafar nasa duron. Ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya.

"Yaya Tukur, wannan ba yau ba. Sai an buɗe bakin, a wanke da garin sabulu, a cika shi da ruwa, sannan a yanka ruwan yana ciki."

"Bakin ya yi tsatsa, ya ƙi buɗuwa. Yanka kawai."

"To a bari a jiƙa shi da baƙin mai ya kwana. Jibi ka zo ka ɗauka."

"Gobe nake so Kabo ya gan shi. Kai maƙeri ne ko mai kitso? Ƙarfe kake tsoro?"

"Ba ƙarfen ba, abin da ke cikinsa."

Tukur ya ɗaga duron ya jijjiga. "Ka ji wani abu? Babu komai ciki."

"Wannan babu komai ɗin ita nake tsoro."

Da a ce su biyu ne kaɗai, mai yiwuwa da an bari sai jibi. Amma mutane sun fara taruwa, kuma cikin rashin sa'a wani makaɗin mahauta yana wucewa da kalangu a hammata. Ya ji ana maganar ƙarfe da tsoro ga na Maikuɗi a tsaye, ya ga aikinsa ya samu. Ya saki kiɗa: dutse ka ci wuƙa, na Maikuɗi, wanda ƙarfe ke gani ya yi sallama. Jikin Tukur ya fara tsuma. Ya ture Mudassir, ya kwantar da duron, ya haye shi kamar jaki, ya ɗauki injin yankan ƙarfe.

"Tayar da janareto."

"Don Allah yaya Tukur, ka dubi 'ya'yanka."

"Tayar, ko in tayar da kai."

Mudassir ya ja igiyar, ya tsuguna bayan janareton ya toshe kunne. Masu hankali a cikin 'yan kallo suka tuna suna da uzuri a wani wuri. Injin ya taɓa duron, tartsatsi ya tashi.

An ji ƙarar har masallacin Juma'a. Gindin duron ya fita ya ratsa katangar zana ya sare reshen mangwaro. Tukur ya tashi sama ya bugi kwanon rumfa ya lotsa shi, ya dawo ƙasa da gemu yana ci da wuta, wando ya zama tarihi. Mudassir ya firgita ya buga goshi a janareto, ya ɗan fashe. Makaɗin ya bar kalangunsa a wurin. Da hayaƙi ya lafa sai aka ga Tukur ya miƙe, ya jawo wani buhu ya ɗaura a ƙugu, ya jingina bayansa da bango. Jini yana bin bayan ƙafarsa yana taruwa a ƙasa, yana malala har ƙarƙashin teburin aiki.

"Ku duba," ya ce da ƙarfi, don kunnensa ya toshe. Ya nuna ƙirji, ya nuna ciki, ya juya hannuwa. "Ku duba da kyau. Akwai yanka?"

Aka duba. Ta gaba dai babu. Sannan ya sulale ya faɗi.

A kife aka kai shi asibiti a Gaya, a kife ya yi jinya. Labarin da ya fito daga bakinsa shi ne ƙuna ce, wuta kuwa ba ƙarfe ba ce. Hanne ce kaɗai ta shiga wurin likita, ta fito da wani abu ƙunshe a gefen zani, ba ta ce wa kowa komai ba.

Yana samun sauƙi Kabo ya kai ƙara. Ya ce an yi sharaɗi a gaban jama'a, ga jini ya zuba a rumfar Mudassir har sai da aka kwaso yashi aka rufe.

Da safen da za a zauna, Hanne ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa masa hula.

"Baban Lauratu, in an tambaye ka, ka ce naka ne. Sarki cewa ya yi jinin wani. Tukubar nan ita muke ci."

Ya karɓi hular ya sa, ya fita.

Zauren ya cika har waje. Kowa ya zauna, Tukur ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya tsaya a haka, jama'a suka yaba da ladabinsa. Aka fara da Mudassir, wanda ke da 'yar filasta a goshi da ba ta fi farcen babban yatsa ba.

"Ranka ya daɗe, ni ƙwarzane ne kawai, kuma ni na buga kaina. Ban kawo ƙarar kowa ba."

"Ƙwarzane ba ya shanye baro guda na yashi," in ji Kabo ta cikin karkataccen hanci.

Sarkin Fawa ya gyara zama. Duk wanda ya san shi ya ga yana neman ƙofar da zai fitar da ɗan abokinsa, kuma ya same ta a buɗe.

"Abin da na faɗa shi ne jinin wani. Mutum da jininsa kuwa, ko kwalba ya ga dama ya cika, babu ruwan kowa. Tukur, jinin nan da ya malala a rumfar Mudassir, in naka ne ka ce nawa ne, ka tashi ka je ka hura wutarka."

Tukur ya san abin da ake miƙo masa. Tukubar ta faɗo masa a rai, da tokar da ta taru a kanta tun yana yaro yana fifita wa ubansa wuta, da ramin da gwiwar Maikuɗi ta yi a gefenta. Ya tuna maganar Hanne. Kalma ɗaya ce. Ya ɗaga kai zai faɗe ta, sai idonsa ya sauka a bakin zaure. Samarin mahauta sun yi cincirindo suna kallon bakinsa, a bayansu ga makaɗin nan da sabon kalangu. Jini ba ya fita haka kawai. In ya ce nasa ne, sai a tambayi abin da ya fitar da shi.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe bai taɓa ci na ba."

"Ba wannan na tambaye ka ba, ɗana. Jinin na wa ne?"

"Na Mudassir ne."

Mudassir ya kai hannu ya taɓa filastarsa.

"Tukur," in ji Sarki a hankali, "ka dubi goshin nan da kyau. Ka sake tunani. Babu mai gaggawa."

"Goshi yana da jini, ranka ya daɗe. Mu mahauta mun sani."

Dattijon ya shafa gemunsa. Daga nan ya ce to, tunda mai abu ya faɗa da bakinsa, shi ba zai ƙaryata ɗan Maikuɗi a gaban mutane ba. Jinin wani ya zuba ta dalilin Tukur. Tukuba ta zama ta Kabo.

Samari suka yi sowa, kalangu ya ɗauka, aka raka Tukur har bakin titi kamar wanda ya ci shari'a. Kasuwar da ta biyo baya Kabo ya zo da shebur ya baje tudun, aka kwashe tokar Maikuɗi aka cike wani rami da ke damun motoci, ya kafa duronsa a gindin darbejiya.

Mudassir ba mai riƙo ba ne. Bayan ya gyara rufin rumfarsa sai ya jawo gawar duron ya duba, ya ce yanzu kam ya tabbata babu sauran fetur. Ya bubbuge shi ya dawo da shi siffarsa, ya liƙa masa sabon gindi, ya ƙarasa tsagar da Tukur ya fara, ya sa murfi da mariƙi na katako don kada ya ƙona hannu. Ya yi masa ƙafafu da rodi, ya shimfiɗa raga, ya kafa bututu, ya ƙone shi da kara har tsohon fentin ya zube. Wuri ɗaya ne ya rasa abin da zai cike, wata ɓula mai faɗin tafin hannu inda ƙarfen ya ɓalle ya tafi. An nemi guntun a rumfa ba a gani ba. Sai ya juya duron ɓular ta koma ƙasa ta wajen gawayi, ya bar ta ta zama mashigar iska.

Duron yana Toranke yanzu, a ƙofar gidan Tukur. Waɗanda suka ci naman sun ce ya fi na Kabo, wai ɓular nan tana jan iska daidai yadda gawayi yake so. Sai dai Toranke ba tasha ba ce. Mutanenta manoma ne, sukan tuna da nama ranar suna ko salla, sauran ranaku su gaisa da shi su wuce suna yaba ƙamshi. Hanne ta fara yin ƙuli-ƙuli tana aikawa kasuwa. Tukur yakan wuni a tsaye kusa da duron, ko an kawo masa benci sai ya ce zama na ragwaye ne. In baƙo ya tambayi ɓular, yakan ce shi ya tsara ta haka.

Sunansa kuwa bai taɓa kai yadda yake a yau ba. Makaɗa sun ƙara masa baiti, na Maikuɗi wanda duro ya fashe a ƙarƙashinsa ya rasa inda zai kama. Yara a Ajingi suna rantsuwa da shi.

Guntun ƙarfen da likita ya ciro daga ɗuwawunsa yana wurin Hanne. Da shi take kankare ƙanzon tukunya.